Dutsen Ya Fanna a Tandun Haladu

A cikin jakunan Haladu, Auraki ne kaɗai gashin haƙarƙarinsa na hagu ya cinye. Wurin ya yi sumul kamar tafin hannu, daidai inda wani tandu yake lilo a gefen mangala. Wanda ya wuce kusa da jakin zai ji caɓal-caɓal, da wani ɗan ƙaras-ƙaras a ƙarƙashinsa. Baƙi sukan ɗauka man shanu ne. Mutanen Haɗeja sun san duwatsu ne a ciki.

Sana'ar Haladu ita ce jigilar gyaɗa daga Haɗeja zuwa tashar jirgin ƙasa ta Malam Madori. Shekarun nan ne na bayan yaƙin Hitila, lokacin da Turawa ke sayen gyaɗa kamar ba za su ƙoshi ba. Da kaka ta yi, sai ka ga jakuna sun yi jerin gwano a hanyar, kowane da buhunansa, masu su na biye da sanduna a kafaɗa. Haladu dogo ne siriri, ba shi da yawan magana, kuma idonsa kullum yana ƙasa. Ba kunya ba ce. Dutse yake nema.

Ƙasar Haɗeja ba ƙasar dutse ba ce. Yashi ne da laka da taɓo. Mutum zai yi noma tun yana yaro har ya tsufa, fartanyarsa ba ta taɓa cin karo da tsakuwa ba. Dutsen niƙa ma daga nesa ake kawo shi, ana gadonsa kamar gona. Shi ya sa ranar da Haladu, yana saurayi, ya fara ganin tsakuwar da aka zuba a ƙarƙashin layin dogo, sai ya tsuguna ya manta da jakunansa. Akwai baƙa, akwai fara mai ƙyalli, akwai mai ɗigo-ɗigo kamar ƙwan zabo. Ya cika aljihu.

Wasu daga cikinsu ya manta da su a gindin mangala tare da yashi. Da ya zazzage bayan wani lokaci, sai ya ga bakinsu mai kaifi ya dakushe, jikinsu ya fara laushi. Tafiyar jaki ce ta yi aikin. Daga nan ya fara gwaje-gwaje. Ya gwada gora, ya huje. Ya gwada tulu, ya fashe. A ƙarshe ya sa aka yi masa tandu na kirgi mai faɗin baki, wanda cikinsa ke da taushi, dutse ba ya jin ciwo idan ya bugi bango. Wani tsohon ma'aikacin tasha ya riƙa ba shi gutsattsarin dutsen washi na injinsu idan ya karye, shi kuma ya kai maƙera a dandaƙa masa. Da wannan garin yake farawa, da ruwa kaɗan. Idan ɓawon dutse ya fita, sai ya wanke ya sa yashin kogi mai laushi, wanda yake ɗibowa a inda ruwa ya yi kwana. Ƙarshen aiki tokar ƙaiƙayin shinkafa ce, ita ke sa wa dutse hasken da ba ya gushewa. Kuma ba ya sa babban dutse shi kaɗai. Sai ya haɗa shi da ƙananan tsakuwa, waɗanda yake ce wa 'yan rakiya.

Bai taɓa sayar da ko ɗaya ba. A wani akushi mai murfi yake tara su. Ran Juma'a, idan an sauko daga masallaci, sai ya shimfiɗa farin ƙyalle a tsakar gida, ya juye su, ya zauna yana jujjuyawa ɗaya bayan ɗaya.

"Malam," in ji matarsa 'Yar'azumi, tana tankaɗe, "yau wanne za a sa a miya? In ɗora ruwan?"

"Ki zo ki ga wannan dai."

"Na gan shi makon jiya. Bai haihu ba."

Amma tana zuwa. Takan goge hannunta a zane, ta tsuguna, ta ɗauki wanda ta fi so ta ɗaga shi a rana. Shi ne ɗan guntun nan da malamai ke kira aƙiƙ, mata kuma su ce masa dutsen tsakiya, irin wanda ake sa wa a wuya. Karyayye ne Haladu ya samo shi a hannun wani Buzu mai sayar da kanwa, ya sha kaka da kaka a tandu kafin ya zama abin da ya zama. Shi kaɗai ne irinsa a akushin. Idan rana ta ratsa shi, har layin hannun mutum sai ya yi ja.

Wata Juma'a a farkon kaka, suna cikin haka sai aka yi sallama. Ya Fanna ce, tsohuwar da ke bayan gidansu. Iyayenta daga bakin Chadi suka zo tun tana goye, har yanzu harshenta na karya Hausa ta wajen Barno. Saƙar faifai take yi, kuma duk unguwar babu mai haɗa jar kaba da kore kamarta. Ta shigo tana laluben bango da hannu ɗaya, ɗayan kuma a dunƙule a ƙirji.

"Haladu, an ce kai ne mai wankin duwatsu."

"Ba wanki ba ne, Ya Fanna, guga ne."

"To, goge mini wannan."

Ta kwance wani tsumma da ya sha ɗauri. Dutse ne kamar ƙwan agwagwa, mai toka-toka, jikinsa duk ƙuraje, ba abin da zai sa mutum ya waiwaya. Haladu ya karɓa da hannu biyu. Ya auna nauyinsa a tafi, ya ƙwanƙwasa shi da farce kusa da kunne, ya daɗe yana duban wani ɗan wuri da ya ɓantare. Sai muryarsa ta yi ƙasa.

"Aƙiƙ ne. Ɗanye. Hannu bai taɓa shi ba."

"Ari ne ya tsinto shi," in ji ta. Ari mijinta ne, ya rasu da daɗewa. "Da ya tafi Makka a ƙasa, a hanyar dawowa, a wani kwari can wajen Sudan. Kowa ya dawo da zamzam da dabino, shi ya dawo mini da dutse. Ya ce akwai abin kallo a ciki. Kullum zai kai wa masu aikin dutse a Kano, kullum zai kai, har Allah ya yi masa kira."

"Allah ya jiƙansa," in ji 'Yar'azumi. "Ashe ba Malam kaɗai ba ne."

Ya Fanna ta yi dariya, sannan ta juya fuskarta wajen Haladu. A nan ya lura da idanun. Na dama ya yi fari fat. Na hagu kuma wani hazo ya fara rufe shi daga gefe.

"Wannan ya tafi," ta ce, ta nuna na dama. "Wannan yana shiri. Da hantsi ina gani, da yamma sai inuwa. Ina so in ga cikin dutsen nan da idona, Haladu. Ba na so a ba ni labari. Labari na sha shi wajen Ari."

Haladu ya yi lissafi a ransa. Ɓawon na da kauri. "Zai cinye kakar gyaɗa duka, ya shiga bazara. In Allah ya yarda, kafin ruwa ya sauka."

"To, ka ce wa jakinka ya ɗaga ƙafa."

Washegari ya kwashe duk abin da ke cikin tandun, ya wanke shi, ya zaɓi 'yan rakiya mafiya santsi, ya sa dutsen Ya Fanna a tsakaninsu. Ya ɗaure bakin da kansa, ya sake kwancewa, ya sake ɗaurewa. A hanyar Malam Madori ranar, ya bar sauran jakuna suna gaba, shi yana tafe kafaɗa da kafaɗa da Auraki, kunnensa na wajen tandu. Daga sautin yake gane ko ruwa ya yi yawa, ko garin ya yi kauri.

Aiki ya fara kyau. Duk Juma'a yana buɗewa ya duba, ya ƙara garin washi, ya mayar. Ƙurajen suka fara kwanciya. Sai kuma abin da babu wanda ya sa a lissafi ya zo. Wani kamfanin sayen gyaɗa ya kawo lori guda biyu. Abin da jakunan unguwa guda za su wuni suna ɗauka, lori ɗaya na kwashe shi kafin azahar. Kafin a ce haka, masu awo sun daina kiran masu jakuna sai ɗan abin da ba a rasa ba. Haladu da ke zuwa tasha kusan kullum, ya koma sai ya yi kwanaki Auraki na ɗaure a turke, tandu na rataye shiru.

Ɗaya daga cikin direbobin Shu'ibu ne, taubashin Haladu, wanda ya dawo daga yaƙin Bama da iya tuƙi da kuma baki. Ya tsayar da lorinsa a ƙofar gidan wata safiya, ya leƙo ta taga.

"Bawana! Ina labarin masu ƙafa huɗu? An ce sun samu hutun gwamnati."

"Ka kashe wannan abin, yana tsorata mini kaji."

Shu'ibu ya diro, ya je ya girgiza tandun da yatsa. "Na ji labarin dutsen tsohuwa. Kai dai ba ka da wayo tun muna yara. Girgiza kake nema? Ka hau bayan motar nan zuwa Kano ka ji girgiza. Haƙorin wani fasinja ya faɗi a Gumel, wallahi. Ba ni tandun in ɗaure a jikin bodi. Zuwa da dawowa ɗaya ya fi tafiyar jakinka ta wata guda."

"Dutse ba ya son gaggawa."

"Idon tsohuwa fa? Shi yana son jira?"

Da yamma 'Yar'azumi ta dawo daga gidan Ya Fanna da wani faifai a hannu, ta ajiye a gaban Haladu. Saƙar na nan lafiya lau, matsattsiya kamar kullum. Amma daga rabi zuwa baki, ja da kore sun cakuɗe, layi ya shiga layi. Ya juya faifan, ya sake juyawa.

Ya kwana biyu yana tunani. Maganar Shu'ibu na da kan gado, amma bai taɓa gwadawa ba, kuma ba zai yi gwaji da dutsen mutane ba. Idan kuwa zai gwada, tsakuwar layin dogo ba za ta gaya masa komai ba, don kowane dutse da irin haƙurinsa. Sai irinsa. Ya buɗe akushi, ya ɗauko aƙiƙinsa.

"Malam, me za ka yi da shi?" in ji 'Yar'azumi.

"Zai je Kano."

"Wannan? Ka rasa wanda za ka aika sai shi?"

"Shi kaɗai ne ɗan'uwansa."

Ya sa shi a wani tsohon tandu da 'yan rakiya da yashi mai laushi, ya miƙa wa Shu'ibu, ya ce ya ɗaure shi inda ba zai bugi ƙarfe ba. Shu'ibu ya ce ya kwantar da hankalinsa, ai shi ya tuƙa manyan hafsoshi a dajin Bama ko hularsu ba ta faɗi ba.

Da lorin ya dawo, Shu'ibu bai yi oda a ƙofar gida ba. Ya shigo a ƙasa, tandun a hannu, ya tsaya a zaure yana sosa ƙeya. Igiyar ta saki a hanya, tandun ya wuni yana dukan bodi, ruwan ya tsiyaye. Haladu ya juye abin da ke ciki a kan ƙyalle. 'Yan rakiya duk sun yi fari da tabo. Aƙiƙin ya rabe uku, kowane yanki ya tsattsage a ciki kamar ƙasar fadama da rani.

"Taubashi," in ji Shu'ibu, a karo na farko ba da wasa ba. "Wallahi na ɗaure. Gargadar hanyar nan ce."

Haladu ya tattara gutsattsarin a tafinsa. Ya daɗe yana kallonsu. Sannan ya ce, "Alhamdu lillahi da ba nata ba ne."

'Yar'azumi ce ta shiga ɗaki ta daɗe ba ta fito ba. Da ta fito, ta ce wa Shu'ibu ya zauna ya ci tuwo, amma ta zuba masa miya ba nama.

Da asuba Haladu ya ɗora wa Auraki akumari da mangala wayam, ya rataya tandun Ya Fanna, ya kama hanya. Babu gyaɗa, babu kowane kaya. Ran nan Kaugama ya je ya dawo. Washegari ya bi bakin kogi, ta gonakin alkama da albasa inda masu jigo ke ban ruwa. Ran kasuwar Kirikasamma ya je, bai sayi komai ba, ya shayar da jaki, ya juyo. Ranar da ƙafarsa ta kumbura, sai ya yi ta zagaya ganuwar gari.

Garin ya samu abin dariya. A mahauta aka ce Haladu ya zama ɗan dogarin jaki. Masu jakuna 'yan'uwansa, da ke zaune a gindin tsamiya suna zagin lori, sukan ɗaga murya idan ya zo wucewa.

"Haladu! Nawa ake biyan kai iska Kaugama?"

"A gaishe da mai gida Auraki, a gaishe da yaronsa!"

Yakan ɗaga musu sanda ya wuce. 'Yar'azumi ce ba ta iya shiru ba. A bakin rijiya ta faɗa wa mata dalili, kafin la'asar labari ya gama unguwa. Daga nan dariyar ta canza launi. Ba ta daina ba, amma sai aka fara tare shi a hanya. Wata ta ce in zai je Kaugama ya kai wa 'yarta daddawa. Wani ya ba shi bandar kifi ya kai wa surukinsa. Masu jigo suka riƙa cusa masa albasa a mangala. Wani malami ya tsayar da shi ya ɗora hannu a tandun ya yi addu'a, sannan ya tambaya a hankali ko zai iya sa kunne ya ji. Shu'ibu kuwa, duk inda ya hango jakin a hanya, sai ya rage gudu tun daga nesa, ya raɓa ya wuce kamar mai wuce jana'iza, ya leƙo ya ce, "Bawana, a yi a hankali da amarya!"

Sanyi ya wuce. Ɓawon ya fita sarai, Haladu ya koma yashi mai laushi. Tun daga nan bai ƙara buɗe tandun a gaban kowa ba, har 'Yar'azumi. Yakan kai shi bayan rumbu ya duba, ya dawo fuskarsa ba ta nuna komai.

"Yaya yake?" takan tambaya.

"Yana tafiya."

"Ni ma ba za a nuna mini ba?"

"Mai shi ce za ta fara gani."

Zafi ya shigo. Kogi ya janye ya bar tabkuna, masunta na ta kama kifi da hannu. Takalman Haladu na fata suka ƙare, aka yi masa wasu. Auraki ya rame. Ya Fanna ta daina saƙa. Idan ta ji caɓal-caɓal ta bayan danga da safe, takan ɗaga murya daga inda take zaune, "Haladu, yaya baƙona?" Shi kuma ya ce, "Yana gaishe ki, Ya Fanna." Ba ta taɓa ce masa ya yi sauri ba tun ranar farko.

Ranar da hadari ya fara haɗuwa a gabas, Haladu ya dawo ya tarar da 'Yar'azumi ta tsaya masa a tsakar gida, hannu a ƙugu.

"Malam, gobe ka kai mata."

"Bai gama ba. Yau na ƙona ƙaiƙayi. Toka za ta ɗauki wata guda, ko fiye."

"Ba ta da wata guda. Yau na same ta tana gaida turmi, ta ɗauka ni ce. Na tsaya a gabanta da jan zanen nan, sai da na yi magana ta gane. Ta ce da hantsi kaɗai take ganin abu, shi ma sai ta kawo shi nan." Ta kai tafinta dab da hancinta.

"Ba ki gane ba. Dutsen da bai sha toka ba, idan ya bushe dusu-dusu yake, kamar sabulun salo. Ta jira shekara da shekaru, in kai mata wannan? Ban taɓa nuna wa mutum dutsen da bai nuna ba."

"To, ka gama shi. Ka goge shi ya fi madubi. Sai ka kai mata ta shafa, ka ba ta labari."

Haladu ya kwance tandun daga jikin jaki, ya fita.

Bakin kogi ya nufa, inda yake ɗiban yashi. Ya tsuguna ya juye tandun a ƙwarya, ya tsamo dutsen, ya wanke. Ya ragu, bai fi ƙwan kaza ba yanzu, ya yi sumul ta ko'ina. A cikin ruwa launinsa ruwan zuma ne, mai zurfi, da fararen layuka sirara suna zagaye juna, ɗaya cikin ɗaya, har suka haɗu a wani ɗan wuri mai haske kamar ƙanƙara. Ya ɗora shi a gwiwa. Iskar hadari ta busar da shi, launin ya ja da baya, layukan suka dushe, ya koma kamar an barbaɗa masa gari. Ya mayar da shi ruwa, komai ya dawo.

Wannan ba sabon abu ba ne gare shi. Duk mai gugar dutse ya san ruwa na ba dutse haske. Hasken aro yake ce masa, kuma a ganinsa nuna dutse a jiƙe kamar sayar da jaki ne da daddare. Ya tsamo, ya bari ya bushe, ya mayar. Ya yi haka har masu wanki suka tattara kayansu.

Da ya koma gida, ya ce, "Ina farin kwanon nan naki na ƙarfe? Wanda ba a taɓa zuba miya a ciki ba."

"Na kayan ɗakina? Me za a yi da shi?"

"Ki wanke shi. Gobe da hantsi."

Da safe aka yi sa'a, hadarin ya watse, rana ta fito tas. Suka tarar da Ya Fanna a tabarma a bakin ɗakinta. Maƙwabta mata biyu-uku sun biyo su, suka tsaya daga bakin danga. Haladu ya gaishe ta, ya roƙe ta ta juya yadda rana za ta zo ta bayan kafaɗarta ta hagu. Ya ajiye kwanon a cinyarta, ya zuba ruwan rijiya da aka tace, ya jira ya kwanta. Sannan ya kwance ƙyalle, ya sa dutsen a hankali.

"Bai gama ba, Ya Fanna," ya ce. "Saura toka. A ruwa za ki gan shi."

"Ni ma ban gama ba," ta ce. "Kawo."

Ta sunkuya. Ta rufe idon dama da tafinta, ko da yake ba ya ganin komai. Ta kai fuskarta har hancinta ya kusa taɓa ruwa. Ta ɗaga kwanon, ta karkata shi, ta sauke. Babu wanda ya yi motsi. Wata kaza ta zo ta tsaya tana kallo, aka rasa mai korar ta. Ruwan na rawa, Haladu ya sa yatsa biyu ya riƙe bakin kwanon.

Ɗaya daga matan ta kasa jurewa, ta ce, "Ya Fanna, kin ga kyau kuwa? Ga wani irin..."

Haladu ya ɗaga mata hannu, ta yi shiru.

Ya Fanna ta sa yatsa ta juya dutsen a cikin ruwa. Ta sake juyawa. Sai ta ja tsaki.

"Maƙaryaci," ta ce.

'Yar'azumi ta dubi mijinta.

"Ari maƙaryaci. Ja ya ce mini. Ya ce ja ne wur kamar garwashi, har da rantsuwa. Ina ja a nan? Wannan ai zuma ce. Zuma ce farar saƙa." Ta ƙara matsawa. "Ga wani farin zare ya zagayo. Ga wani a cikinsa. Kai! Wa ya saƙa wannan? Ko kuskure babu. Dubi yadda ya karya kwana a nan, ya dawo ya kama..."

'Yar'azumi ta toshe bakinta da gefen mayafi. Matan suka matso, suka durƙusa kewaye da tabarma, kowa na son leƙawa, Ya Fanna na ture kawunansu da gwiwar hannu.

"Ku ba ni rana, kun tare mini rana. Ari, ka ɗauko abu tun daga Sudan a aljihu ba ka san launinsa ba. Da ka ce mini ba ka sani ba, ai da ban cinye ka ba. Ja! Zo ka ga ja."

Tana dariya, hawaye na bin idon da ke gani da wanda ba ya gani, tana sharewa da sauri da bayan hannu don kada su ɗiga a kwanon su motsa ruwan. Ta sake sunkuyawa, tana bin layukan da bakin farce, tana magana ƙasa-ƙasa, rabi da Hausa rabi da Barbarci.

Haladu ya janye yatsunsa daga bakin kwanon. Ya miƙe a hankali, ya naɗe ƙyallen da ya kawo dutsen a ciki, ya ɗauki takalmansa a hannu, ya raɓa ta bayan matan ya fita.